ZANEN ARO BA YA RUFE KATARA

(Jawabin da aka yi wa wakilan rassa a garin Difa, a kan gidajen al'adu na ƙasashen waje da kuɗin da ke riƙe da su. Sakataren kowane reshe ya karanta shi a taron daren kasuwa, a sami wanda zai juya shi da Barbarci da Fillanci saboda waɗanda Hausarsu ba ta nuna ba. Wanda ya gama da takardar ya miƙa wa na kusa da shi.)

 Waɗanda suka taso daga Maine-Sorowa da Gudumariya da Shetimari da Geskeru da Boso da Ngigmi, barkanku da zuwa. Mun san halin da hanya take ciki, Allah ya saka muku da alheri.

Mun sani akwai wanda zai ce a ransa, ana fama da tsadar taki da man injin ban ruwa, ana fama da farashin buhun tattasai, ga ƴan'uwanmu da har yanzu ba su koma garuruwansu na bakin Kumadugu ba, me ya kawo zancen ɗakin karatu da silima? To, ku yi haƙuri ku saurara. Wanda ya riƙe maka gona ya riƙe cikinka na shekara guda. Wanda ya riƙe littafin da ɗanka ke karantawa, shi ke zaɓa masa abin da zai so da abin da zai raina har ya tsufa. Don haka muka ce lalle rassa su san wannan magana, su san inda muka tsaya a kanta.

MENE NE GIDAN AL'ADU?

Gida ne da wata ƙasa ke buɗewa a cikin wata ƙasa. Ta zuba littattafai da jaridu, ta sa malamai su koyar da harshenta, ta riƙa nuna silima, ta gayyato makaɗa da masu wasan kwaikwayo, kuma a nan yaro ke jin labarin gurbin karatu a can ƙasar tasu. Faransa ce ta riga saura. A 1883 aka kafa ƙungiyar Alliance Française a birnin Paris, watau shekara guda kafin Turawa su zauna a Berlin su shirya yadda za su raba Afirka. Waɗanda suka kafa ta ba su ɓoye nufinsu ba, sunan da suka raɗa mata tun farko ya faɗi aikinta, shi ne yaɗa Faransanci a ƙasashen mallaka da sauran ƙasashen waje. Ta yi rassa har Kano da Maiduguri. Ingila ta kafa British Council a 1934, ta buɗe gida a Kano kan hanyar fadar Sarki. Jamus ta kafa Goethe-Institut a 1951. Ƙasar Sin ta fara buɗe cibiyoyin Confucius a 2004. Amurka ta buɗe cibiyarta a Yamai, sa'an nan ta buɗe ƙananan ɗakuna da take kira American Corner a Damagaram da Maraɗi da Agadas.

Abin da muke so ku lura da shi shi ne hanyar da kuɗi ke bi. Majalisar ƙasarsu ta yanka kasafi, ma'aikatar harkokin waje ta karɓa, amma sau da yawa gwamnatin ba ta buɗe gidan da hannunta. Sai ta ba wata ƙungiya mai zaman kanta, wadda aka ce ba ta neman riba. British Council a dokar Ingila ƙungiyar agaji ce. Goethe-Institut ƙungiya ce mai rajista, amma ma'aikatar harkokin waje ta Jamus ke ba ta babban kaso na abin da take kashewa. Kowane reshen Alliance ƙungiya ce ta ƴan gari da aka yi wa rajista bisa dokar ƙasar da take, da kwamiti na ƴan ƙasa, amma daga Paris ake turo taimako, sau da yawa har da darekta. Amurka kuwa, ofishin jakadancinta ya kan ba da sanarwa cewa ga kuɗi kaza don aiki kaza, ƙungiyoyi su rubuto takardar nema, wadda aka zaɓa ta sa hannu kan sharuɗɗa, ta riƙa kai rahoton abin da ta yi. In wa'adi ya cika, mai kuɗi ya duba, in ya ga dama ya sabunta, in bai ga dama ba shi ke nan.

Sauran kuɗin kuma daga ina? Daga aljihunmu. Kuɗin darasi da kuɗin jarrabawa. British Council ma mafi yawan abin da ke shiga hannunta daga darussan Ingilishi da jarrabawa yake fitowa. Ashe ke nan ɗan talaka ke biya a koya masa harshen wani, ya kuma yi godiya.

DON ME AKE BI TA HANNUN ƘUNGIYA?

Ku ƴan kasuwa ne, kun san amsar. Falken da ya zo daga nesa sayen tattasai ko banda ba ya shiga kasuwa shi kaɗai yana taya kaya. Wurin fatoma yake sauka. Fatoma ɗan gari ne, yana jin harshen mutane, an san uwarsa an san ubansa, in ya ce kaza mutane su yarda. Amma duk wanda ya san ciniki ya san kuɗin da ke hannun fatoma na baƙo ne, kuma ranar da baƙo ya ɗaure kayansa ciniki ya ƙare. Ƙungiyar da ke riƙe gidan al'adu fatoma ce. In jakada ya miƙa maka littafi, za ka juya shi ka duba abin da ke baya. In maƙwabcinka ne ya miƙa maka, sai ka buɗe ka karanta.

Ba mu ce fatoma ɓarawo ne ba, kuma ba mu ce littafin guba ne ba. Gaskiya ɗaya ce, mutanenmu da yawa sun amfana. Akwai malaman lakwal da likitoci da ƴan jarida a ƙasar nan da suka fara ganin ɗaki cike da littattafai a irin waɗannan gidaje, lokacin da gwamnatocinmu ba su gina ko ɗaya a garuruwansu ba. Ƙasa ta nemi a so ta, wannan ba laifi ba ne, kowace ƙasa mai hankali tana yi. Inda muke da magana shi ne wuri biyu: inda aka ɓoye mai kuɗin, da inda muka kwanta muka bar baƙo shi kaɗai ke ciyar da hankalin ƴaƴanmu.

ABIN DA YA FARU A IBADAN

Ga misalin ɓoye mai kuɗi. A 1961 aka buɗe wani gida a Ibadan ana kiransa Mbari. Manyan marubutan Nijeriya suna ciki, irin su Wole Soyinka da Chinua Achebe da Christopher Okigbo. Suna buga littattafai, suna nuna zane-zane, suna wasan kwaikwayo, aiki mai kyau ƙwarai. Kuɗi na zuwa daga wata ƙungiya mai ofis a Paris, Congress for Cultural Freedom, wadda aka kafa a Berlin a 1950 da sunan kare ƴancin masu tunani. Ita ce kuma ta biya kuɗin babban taron marubutan Afirka a Makerere ta ƙasar Uganda a 1962, tana kuma taimakon wata mujalla ta Kampala mai suna Transition.

A 1966 da 1967 jaridun Amurka suka tona asiri, cewa kuɗin wannan ƙungiya daga hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, yake fitowa, ana bi da shi ta waɗansu gidauniyoyi don kada a gane. Marubutan nan ba su sani ba, kuma ba wanda ya riƙe musu alƙalami. Duk da haka tabon ya zauna. A 1968 gwamnatin Milton Obote ta kama Rajat Neogy, editan Transition, ta ɗaure shi, maƙiyansa kuwa suka sami abin jifansa da shi. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Waɗannan bayin Allah sun ci ladan ba su san na wane ne ba, aka kuma zarge su da askin da ba su yi ba. Saboda haka tambayar farko ga kowace ƙungiya ita ce, kuɗin wa?

ABIN DA YA FARU A ƘASARMU

A 1963, shekara uku bayan samun mulkin kai, aka buɗe gidan al'adu na haɗin gwiwar Faransa da Nijar a Yamai, daga baya aka yi wani a Damagaram. Na Yamai aka sa masa sunan Jean Rouch, mai ɗaukar silima, bayan ya rasu a ƙasarmu a 2004. Ran 20 ga Maris 1970 kuma, a Yamai ɗin dai, ƙasashe 21 suka sa hannu aka kafa hukumar da ta zama ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, Shugaba Diori Hamani yana cikin waɗanda suka tsaya a kai. Shekaru aru-aru ke nan ɗakunan karatu mafi girma da yaranmu ke shiga suna dogare da kasafin wata ƙasa.

Sai ƙasa ta juya. Bayan 26 ga Yuli 2023, sojojin Faransa na ƙarshe suka fita a Disamba, ofishin jakadancinta ya rufe a Janairu 2024. A cikin 2024 gidan al'adun Yamai ya fita daga haɗin gwiwa, aka sa masa sunan ɗan ƙasa, Moustapha Alassane, mai shirya silima da ya rasu a 2015. A Maris 2025 Nijar ta fita daga ƙungiyar masu Faransanci, kuma a watan nan aka ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. A can Amurka kuma, sabuwar gwamnati ta dakatar da taimakon ƙasashen waje a Janairu 2025, a Maris sashen Hausa na Muryar Amurka ya yi shiru, a Yuli aka rufe hukumar USAID. Ba wanda ya tambayi mai sauraro a Boso, ba wanda ya tambayi ma'aikacin ƙungiya a Difa. Alƙalami ɗaya a wani birni mai nisa ya isa.

Mun yi murna da sunan Moustapha Alassane a ƙofar gidan. Amma fa, ƴan'uwa, fentin allo ba ya sayen littafi. Wa zai biya mai kula da ɗakin karatu a ƙarshen wata? Wa zai biya lantarki? Wa zai sayo sababbin littattafai baɗi? In ba mu amsa wannan ba, shekara kaɗan za mu tarar da ƙura da gara, sa'an nan masu yi mana dariya su ce, ai ga shi, da baƙo ya tafi komai ya mutu.

Mu kuma tuna da abin da ya faru a Damagaram ran 16 ga Janairu 2015. Jama'a sun fusata saboda zanen ɓatanci ga Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da wata jarida ta Paris ta buga, aka sa wa gidan al'adu wuta, ɗakin karatunsa ya ƙone. Fushin muna da shi mu ma. Amma waɗanda suka yi zanen ba su rasa ko takarda guda ba. Ɗaliban Damagaram ne suka wayi gari ba wurin karatu. Ba ma so a sake ganin haka, kuma ɗan reshenmu ba ya ƙona littafi ko na wane ne.

Mu ƴan Difa ma, ko zanen aron bai iso mu ba. Yamai ta fi kilomita 1300 daga nan, Damagaram ta fi 400. Masu buɗe gidajen nan suna bin inda manya da jami'o'i suke, don waɗanda za su yi mulki gobe suke nema. Da aka kai wa Boso da Difa hari ran 6 ga Fabrairu 2015, aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana babur, aka tsayar da cinikin tattasai da kifi, makarantu da yawa na bakin kogi suka rufe. Ƙungiyoyin agaji suka cika gari da motoci, sun kawo abinci da tanti, mun gode. Amma yaron da aka raba da lakwal yana shekara goma, yau ya zama magidanci. Me ya karanta? Wa ya ba shi labarin ko shi wane ne? Mun ga waɗanda suka riga mu zuwa wurin waɗansunsu, mun kuma ga abin da ya biyo baya.

KAKANNINMU SUN RIGA PARIS

Kada wani ya ce mana buɗe gida a ƙasar waje dabarar Nasara ce. A cikin shekarun 1240, zamanin Mai Dunama Dabbalemi na Kanem, mutanen ƙasar tabkin nan da suka tafi aikin haji suka tsaya a Masar, suka ba wani alƙali mai suna Alamuddin Ibn Rashiƙ dukiya ya gina musu makaranta. Ya gina, ya koyar da fiƙihun Malikiyya a ciki, ɗalibai da alhazan ƙasarmu suna sauka nan. Malamin tarihi na Masar, al-Maƙrizi, ya rubuta cewa makarantar ta yi suna ƙwarai a ƙasashen Takruru, kuma mutanen suna aika mata kuɗi kusan kowace shekara. Ku duba da kyau. Gida a ƙasar waje, ɗan can ke riƙe da shi, kuɗi daga nan. Shekara fiye da 600 kafin a kafa Alliance Française. Daga baya ma ɗaliban Borno suka sami ɓangarensu na kansu a masallacin Azhar.

Birnin Gazargamu da Mai Ali Gaji ya kafa, a kwarin Kumadugun nan yake, kufansa na nan kusa da Gaidam. Daga nan Mai Idris Alauma ya aika jakadu Santambul wurin Sarkin Turkawa a shekarun 1570. Daga ƙasar nan Alƙur'anai rubutun hannu na Borno suke fita, ana sayensu har ƙetaren hamada, waɗansu da fassara da tsohon harshen Kanem a gefen shafi. Jikokin waɗannan mutane ne yau za su zauna jiran wani ya kawo musu ɗakin karatu?

ABIN DA MUKE NEMA

Na ɗaya. Duk ƙasar da ke son buɗe gidan al'adu a Nijar, ko ta gabas ce ko ta yamma, ko tsohuwar abokiya ko sabuwa, doka ɗaya ce. A liƙa takarda a ƙofa mai nuna wanda ya ba da kuɗi, nawa ya bayar, da sharuɗɗan da aka sa hannu a kai. Ba mu fitar da wani ubangida don mu shigo da wani ba.

Na biyu. Kwamitin gidan ya zama mafi yawansa ƴan gari ne, kuma a rubuta tun farko cewa ranar da mai kuɗi ya tafi, littattafai da kayan aiki na gari ne.

Na uku. A ajiye littattafan harsunanmu, Hausa da Barbarci da Fillanci da Zabarmanci da Tubanci da Larabci da sauransu, boko da ajami. Hausa ta zama harshen ƙasa, amma a Difa mun san ba kowa aka haifa da ita ba, kuma ba ma so a yi wa Barbarci abin da Faransanci ya yi wa Hausa.

Na huɗu. Gwamnatinmu ta yanka kasafi na gidajen karatu a gida, a fara da jihar nan. Tun 2011 ake haƙo mai a Agadem, yana tafiya matatar Damagaram, tun 2024 kuma yana bin bututu zuwa teku. Dokar man fetur ta 2007 ta yanka wa ƙananan hukumomin jihar da ake haƙo man kashi 15 cikin ɗari na waɗansu kuɗaɗen harajin da ya kawo. A faɗa mana nawa ya iso, a cire wani abu a ciki don ɗakin karatu a Difa da Maine-Sorowa da Ngigmi, a haɗa da Jami'ar Difa da aka kafa a 2014.

Na biyar. Mu ma mu buɗe gidaje a waje, inda mutanenmu suke da yawa, Maiduguri da Kano da Injamena da Kumasi da Alƙahira. Gwamnati ta ba ƙungiyoyin ƴan Nijar mazauna can gudummawa a fili, su kuma su kawo lissafi a fili. Abin nunawa muna da shi. Ga tsofaffin littattafan da Boubou Hama ya tara a Yamai, ga silimar Moustapha Alassane da Oumarou Ganda, ga algaitar ƙasar Manga, ga kokowar takobi da ake yi tun 1975. Ɗan Nijar da aka haifa a zango ya sami inda zai je ya san ƙasar ubansa.

A nan kuma muna jan kunnen namu. Maganar ladan kuturu ba ta baƙo kaɗai ba ce. In gwamnatinmu ta ba ƙungiya kuɗi, ta ce sai an yabi shugaba, an cire littafin wane, an hana wane magana, to, ta gina gidan maroƙa ne, kuma ba wanda zai shiga sai mai neman goro. Kuɗin na talakawa ne, a ba da shi bisa ƙa'ida rubutacciya, wadda ba ta canzawa don an canza mai kujera.

AIKIN RASSA

Ba za mu naɗe hannu muna jiran Yamai ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Kafin taro mai zuwa, kowane reshe ya yi abu uku.

Ya rubuta sunayen masu littattafai a garinsa, malaman zaure da malaman lakwal da tsofaffin ma'aikata, a tambaye su cikin ladabi wa zai ba da aro, wa zai ba da kyauta. A nemi ɗaki guda, ko shago ne, mai ƙofa da makulli, a sa saurayi ko budurwa mai karatu ya riƙe littafin aro.

Ya buɗe asusu. Shawararmu ita ce dala goma a kan kowane buhun tattasai da ɗan reshe ya sayar, dala biyar a kan kwalin banda, mai dabba ya ba da abin da ya sauwaƙa ranar da ya yi ciniki. Ba tilas, ba tare hanya. Ma'aji ya rubuta kowace dala, a karanta lissafi a gaban jama'a kowane wata. Mu da muke ce wa baƙo ya buɗe littafinsa, namu ya fara zama a buɗe.

In wata ƙungiya ta zo garinku da shirin samari ko na karatu, ku tarbe ta, ku ba ta ruwa, sa'an nan ku yi tambaya uku: kuɗin wa ne, zuwa yaushe, kuma in kun tafi me za ku bar mana? Ku rubuta amsar ku aiko. Wadda ta amsa a fili a yi aiki da ita. Wadda ta yi ta kewaye-kewaye, kun ga amsa.

Mutanen Kanem da suka riƙe makaranta a Masar ba su da mota, ba su da banki, raƙumi ke kai kuɗin, tafiyar watanni cikin rairayi, kuma ba su fasa ba. Mu ɗaki guda muke nema a kowane gari mai kasuwa. Wakilin da ya dawo taro mai zuwa ya zo da sunan ɗakin garinsu, da yawan littattafan da ke ciki, da abin da ke cikin asusu.

Allah ya ba mu zaman lafiya a bakin Kumadugu, ya mai da kowa gidansa, ya taimaki Nijar da talakawanta.